Hancin Bonet a Motocin Ƙwanji na Amurka: Ƙarin Ƙarfi Ne Ko Kwalliya? Yadda Za Ka Auna da Kanka

A shekarar 1969, wanda ya je wurin dillalin Ford a Amurka yana neman Mustang Mach 1 mai injin 428 Cobra Jet, zaɓi biyu ake ba shi. Na farko yana da hanci, wato mashaƙar iska, a kan bonet, amma hancin toshe yake, injin yana shaƙar iskar da ke ƙarƙashin bonet ne. Na biyu yana da hancin da aka ɗaura a kan matatar iska, ya leƙo ta wata kafa da aka yanka a bonet, yana karkarwa duk lokacin da inji ya motsa, shi ya sa ake ce masa Shaker. Sai an ƙara kuɗi kafin a samu na biyun. Amma a takardar kamfani, ƙarfin doki 335 aka rubuta wa kowannensu.

Wannan lamba guda ta jawo gardama ta shekaru hamsin da ɗoriya tsakanin masu son waɗannan motoci. Wasu na cewa ai ga shi nan, kamfanin da kansa ya yarda hancin ba ya ƙara komai. Wasu na cewa kamfanin ɓoye ƙarfin ya yi saboda masu inshora, waɗanda a lokacin suka fara tsawwala wa matasa masu manyan injuna kuɗi. Ni matsayina shi ne: hancin da aka yi shi daidai yana ƙara ƙarfi, amma ba ta hanyar da tallace-tallace suka nuna ba. Ba tura iska da ƙarfi ne amfaninsa ba, kawo iska mai sanyi ne. Kuma ba sai ka ɗauki maganata ba, domin da tiyo mai haske, da ruwa, da ma'aunin zafi, za ka iya gano gaskiyar a kan motar da ke gabanka.

Mataki na farko: tabbatar hancin yana numfashi

Kafin lissafi, ɗaga bonet ka duba ta ƙasa. Da yawa daga cikin hancinan zamanin ba su da kafa ko kaɗan. Pontiac GTO ta 1964, wadda akasari ake ɗauka ita ta buɗe babin motocin ƙwanji, wato motoci matsakaita masu manyan injuna, hanci biyu gare ta, dukansu na ado. Camaro SS ta 1969 tana da wasu ƙarafa masu sheƙi a kan bonet masu kama da mashaƙar iska, su ma ado ne. Plymouth 'Cuda ta 1970 da ba a sa mata Shaker ba, hancinta biyu a rufe suke. Mach 1 ta 1971 tana zuwa da kafofi biyu masu kyau a bonet, amma ba sa kai iska inji sai idan mai saye ya biya kuɗin Ram Air, wato tsarin da ke haɗa hancin da inji. Pontiac Trans Am ta 1970 kuwa ta zo da hanci mai aiki, yana kallon baya, da ɗan murfi da ke buɗewa idan an taka totur sosai, sai aka liƙe shi daga 1973 saboda dokar taƙaita ƙara. Siffar tana nan, numfashin ya tafi.

Ka haska tocila ta bakin hancin, wani ya duba ta ƙasa. Idan haske bai ratsa ba, magana ta ƙare, wannan kwalliya ce.

Idan ya ratsa, sauran tambaya ɗaya, kuma ita ce mafi nauyi: iskar tana zuwa kafireta kai tsaye, ko kuwa zubewa take yi cikin ɗakin inji? Hanci mai aiki na gaske yana da faranti a kewayen matatar iska, da soso ko roba da ke mannewa da cikin bonet idan an rufe. Wannan sosan shi ne ran abin. Idan babu shi, ko ya tsufa ya lotse, kafireta za ta ci gaba da zuƙar iskar da ta fi kusa da ita, wato mai zafin da ta ratso ta lagireto. Gwajinsa mai sauƙi ne: shafa alli a saman sosan, rufe bonet, sake buɗewa. Ya kamata ka ga zoben alli cikakke a jikin bonet. Duk inda zoben ya yanke, nan iska mai zafi ke kutsowa. A motar da ta haura shekara hamsin, sau da yawa a nan matsalar take, ba a ƙirar kamfani ba.

Sannan ka gwada ƙofofin. GTO ta 1969 mai Ram Air da Mustang Boss 429 da waya ake buɗe nasu daga cikin mota. Hancin Air Grabber na Road Runner ta 1970 da zuƙon inji yake tashi idan direba ya taɓa makunni a ƙarƙashin dashbod. Hancin AMC SC/Rambler da murfin waje na Chevelle ta 1970 suna buɗewa ne da kansu idan an danne totur. Tiyo ɗaya da ya tsage ya isa ya bar ƙofa a rufe shekara da shekaru mai mota bai sani ba.

Mataki na biyu: lissafa abin da gudu zai iya bayarwa

Sunan Ram Air yana sa mutum ya ɗauka gudun mota na cusa iska cikin inji kamar yadda tobo ke yi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma sai an sa shi a ma'auni. Matsin da iska mai tafiya ke haifarwa idan aka tare ta cak shi ne rabin nauyin iska a kowace mita kubik, sau gudu, sau gudu. Mita kubik ɗaya ta iska tana da nauyin kusan kilo 1.2. Matsin sararin sama a bakin teku kuma paskal 101,325 ne. Ga abin da ke fitowa:

A gudun kilomita 60 cikin awa, paskal 167, wato ƙasa da kashi 0.2 cikin 100.
A kilomita 100, paskal 463, kusan rabin kashi 1 cikin 100.
A kilomita 160, paskal 1,185, kashi 1.2 cikin 100.
A kilomita 200, paskal 1,850, kashi 1.8 cikin 100.

Wannan shi ne iyakar abin da za a iya samu idan hancin ya kama iskar gaba ɗaya ba tare da asarar ko ɗigo ba, abin da babu hancin kamfani da ke yi. To ɗauki inji mai doki 400. A kilomita 100, ribar ba ta kai doki 2 ba. A kilomita 160, wanda shi ne kusan gudun da waɗannan motoci ke ƙare tseren mita 402 da shi, ba ta wuce doki 5 ba ko da komai ya yi daidai. Don ka ji ƙanƙantar abin a jikinka: matsin da kilomita 100 ke bayarwa daidai yake da ka gangaro da motar daga tudu mai tsayin mita 40. Babu direban da ya taɓa jin injinsa ya sauya don ya sauko mita 40. A lokacin tashi daga tsaye kuwa, inda ake cin tsere ko a faɗi, ribar sifili ce.

Ka lura gudun sau biyu yake shiga lissafin, saboda haka idan ya ninka, matsin ninki huɗu yake yi. Shi ya sa a motocin tseren Pro Stock na hukumar NHRA, masu wuce kilomita 320 cikin awa, ribar ke kusantar kashi 5 cikin 100, kuma suka ɗauki shekaru suna ɗauke da manyan hancina dogaye har zuwa 2016 da aka sauya doka aka cire su. Abin da ya yi musu amfani a can ba lallai ya yi wa motar titi ba.

Mataki na uku: lissafa abin da sanyi zai iya bayarwa

Nan ne naman yake, kuma nan nake so ka daɗe.

Inji ba man fetur kaɗai yake ci ba. Kowane kilo ɗaya na fetur yana buƙatar kusan kilo 14.7 na iska kafin ya ƙone sarai, kuma a cikakken totur ana ɗan ƙara mai ya koma wajen 12.5 zuwa 13. Ƙara mai abu ne mai sauƙi, shigar da iska shi ne wahala. Girman silinda ba ya sauyawa, abin da ke sauyawa shi ne nauyin iskar da ta cika shi. Iska mai zafi ta buɗe, ta yi sakayau, don haka silinda ya cika amma abin da ke ciki kaɗan ne.

Ka tuna yadda ɗakin injin waɗannan motoci yake. An cusa inji mai lita 7 ko fiye na baƙin ƙarfe a jikin mota matsakaiciya. Fanka tana jawo iska ta cikin lagireto mai ruwan da ya kusa tafasa, ta watsa ta kan inji. Bututan hayaƙi suna gefe biyu suna tiriri. Matatar iska tana zaune a tsakiyar wannan murhu, a sama, inda zafi ke taruwa.

Ga yadda ake lissafin. Ƙara 273 a kan digirin da ka auna. A ce waje digiri 30 ne, bakin matatar iska kuma 60. Sun zama 303 da 333. Raba na farko da na biyu, ka samu 0.91. Wato iskar ƙarƙashin bonet ta fi ta waje sakayau da kashi 9 cikin 100. Ba duka wannan ke komawa ƙarfi ba, domin iskar tana ƙara ɗaukar zafi a hanya ta cikin manifol, bututun da ke raba ta zuwa silindogi, kuma iska mai zafi ta fi saurin ratsa ƙananan kafofi. Ƙa'idar da makanikan tsere na Amurka suka daɗe suna aiki da ita ita ce kashi 1 cikin 100 na ƙarfi a kan kowane digiri 10 na ma'auninsu, wato kusan digiri 5 da rabi a namu. A misalinmu, bambancin digiri 30 ya ba da kusan kashi 5 cikin 100. A inji mai doki 400, doki 20 ke nan.

Sai ka jera su: turin gudu doki 2 zuwa 5, kuma sai mota ta yi nisa da gudu. Sanyi doki 20 a wannan misali, kuma yana nan tun daga ƙaramin gudu. Ga wata riba ta biyu da ba ta fitowa a wannan lissafi. Injunan 1969 da 1970 suna matse cakuɗen mai da iska sau 10 zuwa 11, an ƙera su ne don fetur mai dalma mai ƙarfin oktan. Iska mai zafi tana sa cakuɗen ya fashe kafin lokacinsa, ka ji inji yana ƙyas-ƙyas kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani idan an taka shi a hawa. Makanike ba shi da zaɓi sai ya ja lokacin wutar filogi baya, ƙarfi ya ragu. Iska mai sanyi tana barin a riƙe wutar inda injin ke so. A ganina, ga mai tsohuwar mota da ke shan fetur na yau, wannan kaɗai ya isa dalilin gyara hancin.

Abu guda da za ka riƙe: bambancin zafin ba tsayayye ba ne. Ya fi yawa idan mota ta tsaya a cunkoso ko tana jiran tashi a layin tsere, yana raguwa idan ta ɗauki hanya iska ta fara wanke ɗakin inji. Shi ya sa sai an auna.

To me ya sa takardar Ford ta ce 335 da 335? Har zuwa 1971, kamfanonin Amurka suna auna inji ne tsirara a kan na'urar gwaji a cikin ɗaki, ba bonet, ba zafin lagireto, sau da yawa ba matatar iska ma. A irin wannan gwaji hanci ba shi da inda zai nuna kansa. Sai a 1972 aka koma auna inji da kayansa. Don haka lambar ba ta tabbatar da amfani ba, ba ta kuma kore shi ba. Haka Chevelle SS 454 mai injin LS6 ta 1970, doki 450 ne ko da hancin baya ko babu. Haka injin 390 na AMC, 315 ne a AMX ta 1969 marar hanci, 315 ne a SC/Rambler mai hanci kamar akwatin wasiƙa.

Mataki na huɗu: duba inda aka dasa shi

Iska ba ta danna jikin mota daidai wa daida. A goshin mota, wajen fitilu da bamba, ta yi karo ta tsaya, matsi ya yi yawa. Daga nan ta lanƙwasa ta haye leɓen bonet da sauri, kuma inda iska ta yi sauri matsinta faɗuwa yake. Saboda haka kashin gaba na bonet wurin zuƙo ne, kafar da aka buɗe a nan ta fi son fitar da iska a kan shigar da ita. Can baya kuma, a gindin gilashin gaba, iskar ta sake cin karo, matsi ya sake hawa. Bayan wannan akwai wata siririyar shimfiɗar iska da ke manne da jikin bonet tana jan ƙafa, tana ƙara kauri yayin da ake matsawa baya. Hanci gajere da ya kwanta a cikinta ragowar iska yake samu.

Da wannan taswira a kai, za ka iya yi wa kowace ƙira hukunci. Chevrolet ta juya bakin hancinta baya, yana kallon gilashi, a Camaro ta 1969 da Chevelle ta 1970. Wanda bai sani ba zai ce an yi shi a baibai, alhali a wurin matsi aka ajiye shi, kuma daga nan motocin tseren NASCAR suka daɗe suna shan iska. Oldsmobile 442 mai W-30 ta 1968 da 1969 ba ta taɓa bonet ba sam, mashaƙa biyu aka sa a ƙarƙashin bamba, manyan tiyo suka kai iskar sama. Ford Thunderbolt ta 1964 fitilun ciki biyu aka cire aka zura tiyo a gurbinsu. Waɗannan ba su da ban sha'awa a ido kamar Shaker, amma ni na fi girmama su, domin aikin injiniya ne zalla. Dodge Challenger T/A ta 1970 an ɗaga bakin hancinta sama da jikin bonet don ya tsere wa waccan shimfiɗa mai jan ƙafa. Road Runner da Super Bee masu injin 440 da kafireta uku, waɗanda suka fito a tsakiyar 1969 da doki 390, bonet ɗinsu na faiba ne, fil huɗu ke riƙe shi, hancin kuma dogo ne mai faɗin baki. Su kuwa gajerun hancinan tsakiyar bonet, turi ba su da shi, amma idan an liƙe su da kyau suna kawo sanyi, kuma mun ga sanyin ne babban rabo.

Kana iya ganin wannan da idonka. Yanka zaren ulu guntu-guntu, kamar tsawon yatsa, ka manna da salatif a gaban hancin da leɓensa. Wani ya tuƙa, kai ka kalla ko ka ɗauki bidiyo. Zaren da ke nuna cikin hanci, iska na shiga. Wanda ke rawa ko yana nuna waje, ka san abin da ake ciki.

Mataki na biyar: faɗin baki

Inji mai bugu huɗu yana cika silindoginsa sau ɗaya a kowane juyi biyu. Inji mai lita 7 a juyi 5,500 cikin minti, idan yana cika kashi 85 cikin 100, yana zuƙar kusan lita 273 a kowace daƙiƙa. Don wannan iska ta shiga da saurin da mota ke yi a kilomita 100, bakin hanci yana buƙatar kusan santimita murabba'i 100, misali tsayin 5 da faɗin 20. Idan bakin 30 ne kacal kuma an liƙe shi ba wata hanya, dole iskar ta shiga da gudun mita 90 a daƙiƙa, asarar matsin na iya kai kashi 5 cikin 100. Hancin ya zama maƙogwaro, ya cinye ribar sanyin duka. Auna bakin da rula, ka cire abin da raga da ƙarafan ado suka tare.

Mataki na shida: awo a kan hanya

Yi wannan a filin tsere ko hanyar da aka keɓe, mutum biyu, ɗaya na tuƙi ɗaya na karatu.

Zafi tukuna. Sayi ma'aunin zafi na lantarki mai dogayen wayoyi biyu. Ɗaya a cikin gidan matatar iska, ɗaya a gaban lagireto inda rana ba ta bugunsa. Bari inji ya yi zafi sosai. Rubuta lambobin a tsaye bayan minti biyar, a kilomita 60, a 100, sannan a cikakken totur. Yi da ƙofar hanci a buɗe, ka sake da ita a rufe. Idan motar ta 1996 zuwa sama ce, tana da mahaɗar OBD, wato wurin jona na'urar binciken kwamfutar mota, a ƙarƙashin dashbod, ƙaramar na'ura da wayar hannu za su nuna maka zafin iskar shiga kai tsaye. Hanci mai kyau yana riƙe iskar shiga kusa da ta waje da 'yan digirori idan ana tafiya.

Sai matsi. Samo siririn tiyo mai haske, lanƙwasa shi ya yi kamar harafin U a kan katako, ka manna rula, ka zuba ruwa mai ɗan launi zuwa rabi. Baki ɗaya ya tafi cikin gidan matatar iska, a wurin da iska ba ta hura shi kai tsaye. Ɗayan ya zauna a cikin mota. Rufe tagogi, kashe fankar ciki, kuma ka ajiye katakon a gicciye, ƙafafun U ɗin ɗaya dama ɗaya hagu, don kada fizgar mota ta karkatar da ruwan. Bambancin santimita 1 tsakanin ƙafafun biyu paskal 98 ne, wato santimita 10 kusan kashi 1 cikin 100 na ƙarfin inji. A kilomita 100 ba za ka taɓa ganin abin da ya wuce santimita 5 na turi ba, a 160 kuma 12. Karatun da ke da muhimmanci shi ne na cikakken totur a babban juyi. Idan ruwan ya tsaya kusa da daidai, hancin yana ciyar da inji yadda ya kamata, kuma wannan nasara ce. Idan injin ya zuƙe ruwan santimita 25 zuwa wajensa, kana asarar kashi 2 da rabi, sai ka nemi inda ya shaƙe.

Daga ƙarshe agogo. Zaɓi giya ɗaya, ka auna daƙiƙun da mota ke ɗauka daga kilomita 60 zuwa 110 ba tare da sauya giya ba, don hannun direba da zamewar taya su fita daga lissafi. Yi sau uku zuwa, sau uku dawowa, saboda iska da gangara. Rufe hanci ka maimaita, sannan ka sake buɗewa ka maimaita na farkon. Wannan zagaye na uku shi ne mutane ke tsallakewa, alhali shi ke nuna ko bambancin daga hanci yake ko daga zafin rana da ya ƙaru. Kada ka liƙe bakin hanci da salatif a motar da ba ta da wata mashaƙa, za ka shaƙe ta ne. A irin wannan, cire sosan don injin ya sha iskar ciki. A filin tsere kuwa, gudun ƙarshen layi ya fi lokaci faɗin gaskiya: ƙarin kashi 1 cikin 100 a gudun yana nufin kusan kashi 3 a ƙarfi. Motar da ta tashi daga kilomita 160 zuwa 161.6 ta samu doki 12 a cikin 400.

Kada ka gwada mota biyu daban ka ce hanci ne ya raba su. Wannan kuskure ya fi kowane yawa a gardamar Pontiac. GTO ta 1969 mai injin 400 na yau da kullum doki 350 ce, Ram Air III 366, Ram Air IV 370. Amma Ram Air III kamshaf ɗinsa, wato sandar da ke buɗe bawul, daban ne, bututan hayaƙinsa sun fi sakin numfashi. Ram Air IV kawunan silindansa ma daban ne, manifol ɗinsa na alminiyam. Ram Air ta 1967 kuwa dole take zuwa da giyar baya mai 4.33, wadda ita kaɗai ta isa ta sa mota ta fizga kamar an harba ta. Sunan hanci aka rubuta a jiki, aikin kuwa na ƙarafan ciki ne.

Mataki na bakwai: daidaita mai, sannan ka san kuɗin da za ka biya

Kafireta ba ta san nauyin iska ba sosai, saurinta take ji. Idan ka gyara hanci iska ta yi nauyi, mai na iya yin ƙaranci a cakuɗen. Ƙarancin mai a cikakken totur yana ƙona bawul da fistin. Bayan gyara, duba filogi, ko mafi kyau ka sa ma'aunin cakuɗe a bututun hayaƙi ka tabbatar yana tsakanin 12.5 da 13. Idan ya wuce, a ƙara girman jet, wato kafar da mai ke bi a kafireta, da lamba ɗaya ko biyu. Motocin zamani masu kwamfuta suna yin wannan da kansu.

Kamfanonin ba don wasa suka sa ƙofofi ba. A hunturun Michigan, iska mai sanyi da laima tana daskarar da ƙanƙara a maƙogwaron kafireta, mai ba ya narkewa cikin iska, mota ta yi ta tari. Ruwan sama ma yana shiga, shi ya sa farantan ke da kafofin zubar da ruwa, kuma wajibi ne ka tabbatar ba su toshe ba. Ruwa ba ya matsuwa, idan ya cika silinda sandar fistin ce ke lanƙwashewa. Ga wanda ya shigo da Challenger ko Mustang ko Camaro ƙasashenmu, ƙanƙara ba damuwarsa ba ce, ƙurar hunturu ce. Hanci buɗaɗɗe yana cika matata da wuri, kuma matatar da ta toshe tana cinye ribar hancin da ya fi kowane kyau. Duba ta akai-akai, kada kuma ka cire ta don neman ƙara. A zafin Afrilu da ke wuce digiri 40, hanci ba zai ba ka abin da ya fi iskar waje sanyi ba, amma tazarar da ke tsakaninta da ta ƙarƙashin bonet tana nan. Kuma kada a haɗa wannan da hancin da ake gani a kan wasu Hilux masu dizal: wancan ba ya kai iska cikin inji, yana hura intakula ne, mai sanyaya iskar da tobo ya matsa.

Motocin yanzu sun bi darasin Thunderbolt. Challenger Hellcat ta 2015, mai doki 707, tana shan iska ta wata kafa a tsakiyar fitilar gaba ta ɓangaren direba, wato a goshi inda matsi yake. Demon ta 2018, mai kai wa doki 840 da fetur na tsere, an ba ta babban hanci mai aiki da aka raɗa wa tsohon sunan Air-Grabber, wanda bakinsa ya kai kusan santimita murabba'i 290. Ƙarfin nan na'urar matsa iska da ke kan injin ce ke kawo shi. Aikin hancin shi ne ya ba ta iska mai yawa mai sanyi ba tare da shaƙewa ba.

Idan motarka na da hanci mai aiki daga kamfani, sabunta soso, gyara ƙofa, buɗe magudanan ruwa, daidaita mai. Idan awonka ya nuna bambancin digiri 15 zuwa 30, ka sa ran kashi 3 zuwa 5 cikin 100. Idan hancinka na ado ne kuma bonet ɗin na asali ne, kada ka kai masa zarto, domin bonet na asali a Mach 1 ko 'Cuda dukiya ne da ba ya dawowa idan an yanka. Ajiye shi, ka ja tiyo mai faɗi daga bayan ragar gaban mota ko ƙarƙashin bamba zuwa rufaffen gidan matata, irin yadda Oldsmobile ta yi, ka ɗaga bakinsa yadda ruwan kwata ba zai kai shi ba. Sannan ka mayar da ma'aunin zafi da tiyon ruwan wurinsu, ka sake ɗaukar lambobin a gudu iri ɗaya da na farko.